Halittun Ishawu Mai Fenti

A unguwar Nima kowa ya san Ishawu mai fenti. Tun yana saurayi yake zana allunan masu aski da rubutun bayan motocin haya na trotro, har injinan buga hoto suka cika yankin Circle, suka kwashe masa kasuwa. Daga nan sai zaman ƙofar shago, fenti na bushewa a gwangwani.

'Yarsa Suweiba ce ta mayar da shi bakin aiki. Ita da abokan karatunta suna haɗa wasan waya, irin wanda mutum ke zaɓar wata halitta ya zama ita, ya shiga duniyarta. Sun iya kwamfuta, zane ne ya gagare su.

"Baba, halittu muke so, waɗanda babu irinsu ko'ina," in ji ta.

"Me suke ci? Wa suke tsoro?"

Ta ce ba ta sani ba. Ya ce to ta jawo kujera.

Ya ƙirƙiro 'Yan Kwano, masu fata kamar tsatsa, mazauna rufin gidaje, waɗanda ba sa magana sai ana ruwa. Ya ƙirƙiro Masu Tsamo, dogaye masu hannu shida, da ke cikin babbar kwatar unguwa suna mayar wa mutane abin da ambaliya ta ci. Kowane zane sai sun yi musu. Ta ce ƙafar ta yi tsawo, ya ce ai ruwan kwata yana da zurfi. Maƙwabta suka riƙa jin dariyarsa.

Ana cikin haka idonsa ya fara hazo. A asibiti aka ce jijiyar ta riga ta lalace. Bai fasa zane ba, yana kai hancinsa har kan takarda. Suweiba takan karɓa ta ce, "Ya yi kyau, Baba."

Nan ya gane zanen nasa ya lalace. Yarinyar da ba ta taɓa barin zane ya wuce babu gardama ba.

Wata safiya ta kawo masa sabuwar takarda, ya ture hannunta a hankali.

"Zane-zanen ƙarshen nan ba ku sa su a wasan ba, ko?"

Ta ce layukan ba sa haɗuwa, sun nemi wani ya ƙarasa.

"Kun yi daidai," ya ce. "Ki gaya masa kada ya sa musu haƙora. Ba mugaye ba ne."

Ranar da wasan ya fito ta ɗora masa wayar a tafin hannu. Haske kawai ya gani yana motsi. Ta zauna gefensa tana faɗa masa abin da ke faruwa, hawaye na zubar mata, shi kuwa yana gyaɗa kai.

Bayan babbar salla ya rufe shagon, ya koma unguwar Maamobi wajen ƙanwarsa Lariba. Ita take jan hannunsa zuwa bakin masallaci yanzu.