Katakon Ƙadangare

Ƙadangare ake ce masa a gareji, don tun yana saurayi ba ya jiran a ɗaga mota da jak. Kwali zai shimfiɗa, ya sulale ƙarƙashi, sai ƙafafu kawai ka gani. Da wannan ya ci ya sha, da shi ya aurar da 'ya'ya.

Ana nan, bayansa ya ƙi. Shiga ba wuya, fitowar ce aiki. Rannan sai da aka kamo ƙafafunsa aka jawo shi, mai mota na tsaye yana kallo. Maigareji, ɗan amininsa marigayi, ya ja shi gefe.

"Baba, in ƙarƙashin mota ya gagare ka, ban san aikin da zan ba ka ba."

"Ɗaga mini ƙafa kwana biyu," in ji Ƙadangare.

A gida ya cire ƙyauren kabad ɗin matarsa. Ya tono tsofaffin boris, ƙarafan nan masu juyawa kamar ƙananan tayoyi, a cikin tarkace, ya zura su a sanduna, ya buga a ƙasan katakon. Ya naɗe wata yagaggiyar riga ta zama matashi. Ya kwanta rigingine, ya tura da diddige, sai ga shi sumul har bakin ƙofa.

"Malam, makara kake gwadawa tun yanzu?" matar ta tambaya.

"Wannan tana dawowa da mutum."

Ya gwada a ƙarƙashin tsohuwar babbar motar maƙwabci. Ya shiga, ya fito, ba wanda ya taɓa shi. Ranar har ƙarin abinci ya nema.

Da safe ya ɗauki abinsa sai gareji. Wata ƙaramar mota ce ke jira, irin na yanzu masu jan ciki a ƙasa. Ya kwanta, ya tura. Kai ya wuce da ƙyar, ƙirji ya tokare. Katako da boris sun ɗaga shi kamar yatsa huɗu, ashe a wannan ɗan tsakanin yake cin abinci duk shekarun nan. Ya fitar da numfashi, ya sake turawa. Ko gezau.

"A kawo jak, Baba?" Maigareji ya tambaya.

Ƙadangare ya kalli ƙarfen da ke saman hancinsa.

"Bari, ɗana. In za a ɗaga, ai kowa ma zai shiga."

Ya turo katakon baya ya fito, Maigareji ya miƙa masa hannu ya tashe shi. Yanzu Ƙadangare yana gida, zaune a ƙofar ɗaki. Katakon na gareji, ana jan batir a kai. Kabad kuwa na nan ba ƙyaure, matar ta rataya zane.