Zaren da Inna Ta Kaɗa Ranar Likita

Na manta abubuwa da yawa na zamanin da nake yi wa Turawa tafinta, amma ranar da na kai likita gidanmu a Shahuci, wannan kam da ita za a binne ni.

Yayana marini ne a Ƙofar Mata, kuma shi ne ɗan farin Inna. Mu jinin Fulani ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ma yarda su haɗa ido. Sai dai ta ce "wancan". Da zazzaɓi ya kwantar da shi har wuyansa ya sanƙare, na yi ta roƙon Baturen likitan da nake wa aiki har ya biyo ni.

Ya duba shi, ya ce akwai gado a asibiti bayan ganuwa, amma ba ya ɗaukar kowa sai da yardar iyaye, kada a ce Nasara na satar mutane. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Saura Inna.

Tana tsakar gida tana kaɗi. Na ce, "Inna, likita na tambaya, a tafi da shi?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. "Ni ina ruwana da ɗan mutane? A jira baffanku ya dawo daga fatauci."

Na fassara, na rantse masa kunya ce kawai, al'adarmu ce. Likita ya kalli hannunta yana murza mazari ko rawa ba ya yi, ya ce shi abin da ya gani "disquiet" ne. Ban san kalmar ba. Muka fito bai ɗauki yayana ba. A hanya ya yi mini bayani kamar muna aji: kalmar manya ce, ta ofis da takarda, ana faɗinta ga damuwar da ke hana zuciya sukuni amma ba ta kai firgici ba. Uwar da ke son a ceci ɗanta, in ji shi, ba haka take zama ba.

Baffa ya dawo ya tarar da zaman makoki.

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Sai da na shiga ɗakinta ɗauko tabarma na ga zaren da ta kaɗa ranar likita, duk a tsittsinke, ƙulli kan ƙulli. Ita fa wadda mata ke zuwa koyon kaɗi a wurinta! Nan na zauna na yi kukan mu biyu.

Daga baya na koyar da Turanci, har da wannan kalma, kuma ban taɓa faɗinta raina bai ɓaci ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada ka auna ciwon zuciyar mutum da fuskarsa. Wata uwar tana ƙonewa ne a zaune, tana kaɗi.