Tsuntsayen da Suka Tsare Makabarta

Tun muna yara Kaka take ja mana kunne da magana ɗaya: in ta rasu, kada a kuskura a binne ta inda ake jin ƙarar ruwa. Mu kuwa dariya muke yi. Tsohuwar da ta tashi a zangon Hausawa a bakin tekun Ghana, ta zo ta tare a Stapleton, wata unguwa a kan tsibiri kusa da New Jersey, ruwa gaba ruwa baya, wai ita ce mai gudun ruwa!

Ba mu da murhu a gidan. Wutarmu ita ce hitar da ke ɗumama falo, mai ƙwanƙwasa kamar ana dukan murfin tukunya. Bayan magariba Kaka takan jingina kusa da ita ta miƙe ƙafa, ni da ƙanena Sani mu baje a gabanta. Ita Hausa, mu Turanci, duk wanda ya cika tambaya kuma ya sha harara. Yawanci tatsuniyar kura da zomo take ba mu, mu yi ta ƙyalƙyala.

Wata ranar sanyi Sani ya ce ya gaji da zomo, mai ban tsoro yake so. Kaka ta dube shi ta ce, "Angona, kai da kake tsoron kyankyaso? To, matso, ga ta ta iso."

Ta ce wasu manoman gero ne fari ya koro daga arewa, suka gangara har bakin teku suka kafa zango, suka koyi shanya kifi. A gaban zangon akwai shimfiɗar laka mai faɗi, wadda ke fitowa in ruwa ya janye. A bayanta, kan ɗan tudu, suka yi makabarta. Rannan sai ga tsuntsaye garke guda sun sauka a lakar, masu siraran ƙafafu da dogon baki.

"Manomin gero in ya ga garken tsuntsu, me ya sani?" in ji Kaka. "Ɓarayi!"

Sai suka yi abin da suka saba yi a gona. Suka ja igiyoyi suka rataya gwangwanaye, aka ba yara majajjawa, aka yi ta ihu shekara da shekaru, har tsuntsayen suka daina zuwa. Aka yi murna.

Ashe ba kifinsu suke ci ba. Ƙananan ƙwari da tsutsotsin cikin laka suke tsinta. Su kuma ƙwarin gansakuka suke ci, wata siririya da ta lulluɓe lakar ta riƙe ta, kamar yanar da ke kan kunu in ya huce. Da babu mai cin ƙwarin sai suka yi yawa, suka lashe gansakukar tas. Laka ta saki. Duk zuwan ruwa sai ya ɗebi rabonsa ya tafi, har ya iso gindin tudun.

Nan Kaka ta rage murya. "Wata safiya aka tashi, sai ga likkafani yana yawo a kan ruwa."

Sani ya fashe da kuka. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana cewa, "Haba Inna! Wace irin tatsuniya ce wannan ga yara?" Kaka ba ta rufe tatsuniyar yadda take rufe sauran ba. Ta tashi ta ɗauki butarta.

Shekaru suka wuce, na yi aure, na haifi Amira. Ƙafafun Kaka suka gaza, ta koma keken guragu. Wani ƙarshen bazara na tura ta zuwa gaɓar kudancin tsibirin ta sha iska. Ruwa ya janye, ga laka, ga ƴan tsuntsaye suna ta caccakar ta. Amira ta ware hannuwa ta ruga cikinsu tana ihu, suka tashi fir.

"Ke! Ki bar su!"

Ban taɓa jin wannan muryar a bakin Kaka ba. Na waiga, sai na gan ta tsaye. Tsaye! Matar da sai an ɗaga ta. Na kama ta na zaunar.

"Kaka, lafiya? Tsuntsaye ne fa kawai."

Ta dubi lakar. Sannan ta ce, "Rabi, likkafanin nan na Innata ne. Ni na fara ganinsa, ina kamar ƴarki."

Innalillahi! Na durƙusa a yashin nan. Shekara nawa muna tsokanar ta da tsoron ruwa, ashe baiwar Allah ba ta da kabarin uwa da za ta tsaya a kai ta yi addu'a.

Daga baya na ji masu nazarin bakin teku suna bayanin tsuntsu da ƙwari da gansakuka kusan yadda ta faɗa. Ko korar tsuntsayen kaɗai ce ta cinye tudun, ko teku dama yana tafe, Allah ne masani. Ni dai na daina ɗaukar ƙaramin abu da ke kiwo a gefe a matsayin banza, Amira ma ta san ba a korar su.

Da Kaka ta rasu, Sani ne ya tsaya kai da fata sai da aka samo wuri can cikin New Jersey, kan tudu, nesa da gaɓa. Ranar da na fara kai mata ziyara, kafin in ɗaga hannu in yi addu'a, sai da na tsaya shiru na kasa kunne sosai. Ban ji ruwa ba.