Kalmar da Ta Rage wa Baba

Ni fa lissafi na guje wa na shiga sashen harsuna a jami'a, ashe an gudu ba a tsira ba. A zangon farko aka ba mu kwas ɗin nazarin nahawu ta hanyar lissafi. Malamin zai rubuta jimla a allo, ya yi mata rassa kamar bishiya, ya ce da 'yan ƙa'idoji kaɗan mutum zai ƙera jimloli marasa iyaka. Na sha wuya, amma na fara ganewa, har ina jin kaina.

Ana cikin haka aka kira ni gida Dangora. Baba ya faɗi a gonar masara, ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da in ya fara labari sai kiran sallah ke tashin hirar, kalma ɗaya ta rage masa: "Madalla." Ƙishirwa, madalla. Ciwo ya taso, madalla. A asibiti aka ba da magani, aka ce mu yi haƙuri.

Baffa, ƙanin Baba, ya tsare ni a zaure gaban 'yan dubiya.

"Kai ba ilimin harshe aka tura ka karantowa ba? To ga harshen mahaifinka ya ɗaure."

"Baffa, namu ba irin wannan ba ne."

"To wane iri ne?"

Haushi ya cika ni, na kaina da na bishiyoyin nan. Duk da haka kullum da hantsi nakan zauna gaban Baba ina ɗaga buta, hula, fartanya, ina faɗin sunansu a hankali. Ya bi bakina da ido, ya yi ta fama har gumi ya keto masa, sai madallar nan ta fito.

Ranar da zan koma saboda jarrabawa na durƙusa yi masa sallama. Ya damƙe ni da hannunsa mai lafiya, ya ƙi saki. Akwai maganar da yake son gaya mini, ina ganinta a idonsa. Na yi ta lalube. Gonar ce? Inna ce? In fasa tafiyar? Kowanne sai ya girgiza kai, hawaye na bin kuncinsa.

"Baba, ban gane ba. Ka yafe ni."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya saki hannuna.

"Madalla," in ji shi.

Na ci jarrabawar. Kafin sakamakon ya fito an yi wa Baba sutura, kuma har yau ban san me ya so ya faɗa mini ba.