Agola a Kwamfutar Malam

Gyaran kwamfuta nake yi a Birnin Kudu, kuma malaman Islamiyya ne rabin cinikina. Wani malami daga Zandam ya kawo kwamfutarsa, na ɗora mata manhajar kamfanin da ba shi ya ƙera ta ba. Ta tashi garau. Sai bakina ya ja mini, na ce masa manhajar agola ce a kwamfutar, don mai ita ya hana a sa ta a injin abokin hamayyarsa.

"Ba da izinin ubanta ta shigo ba kenan?" in ji Malam.

Na ce, "Malam, uban yana ƙetare, bai san da Zandam ba."

"Allah ya sani. Cire."

Na cire. Har yau malaman yankin ba sa kawo mini aiki, wai kayan sata nake sakawa. Na gaji da bayani.