Ranar da Goggo Ta Ji Bugun Zuciyar Jikanta

Har gobe ba zan manta da ranar da na tarar da wanzami a tsakar gidan su Hansatu a Ƙofar Gayan ba. Da damina ne, a shekarun alif ɗari tara da hamsin, ina ƙaramar unguwarzoma. Aikina shi ne bin gidaje ina duba masu ciki, tunda matan kulle ba su cika zuwa asibiti ba, sannan in kai rahoto wa Sista, Baturiyar da ke shugabantarmu.

Cikin Hansatu ya tsufa, ta sha zazzaɓi, ƙafafunta sun kumbura. Na ja fatar idonta, fari fat. Da na kafa bututun katakon da muke sauraron ciki da shi, sai na kasa kunne. Zuciyar ɗan da ke cikin gudu take kamar an biyo ta. In jinin uwa ya yi ƙasa, abin da ke isa wurin ɗa ba ya wadatar da shi, sai zuciyarsa ta ninka aiki. In ta gaji sai ta kumbura, daga nan ta tsaya.

Ga wanzami kuma yana jera ƙahonninsa. Surukar Hansatu, Goggo Dije, ce ta kira shi.

"Mugun jini ne ya sauka mata a ƙafa," in ji ta. "A zuƙe shi ta huta."

"Goggo, ai jinin ne ma babu."

"Ke yarinya, kin taɓa haihuwa?"

Ban taɓa ba. Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ɓacin ran, don har wanzamin ya fara wasa aska. Kafin in je in taho da Sista an gama. Ban san sanda na kamo hannun tsohuwar ba.

"Zo ki ji jikanki."

Ta kara kunne tana ƙunƙuni. Can sai ƙunƙunin ya ɗauke.

"Me ya firgita shi haka?"

"Rashin jini ne, Goggo. In aka ɗiba, ba zai kai ba."

Ta ɗago ta dubi wanzami. "Malam, yi haƙuri, tattara kayanka."

Sista ta ba da ƙwayar ƙarin jini da maganin zazzaɓi, Goggo ta haɗa da hanta da zogale. Duk zuwana, kafin in zauna ta karɓe bututun, ni kuwa ina fargabar ranar da za mu kara kunne mu ji shiru.

Wata safiya ta saurara, sai ta saki salati. "Ya rage gudu! Mutuwa zai yi!"

Na karɓi bututun na kara kunne. Bugu ne daidai, a natse.

"Hutawa ya samu, Goggo."

Ta zauna dirshan a ƙasa tana kuka.

An haifi yaron ɗan mitsitsi, amma kukansa har zaure. Ku sababbin shiga aikin unguwarzoma, ku riƙe wannan: tsohuwar nan ba muguwa ba ce, abu ɗaya ni da ita muke tsoro. Da na tsaya gardama, da an zubar da jinin. Tun ranar, in magana ta ƙi shiga, bututun nake miƙawa.