Baƙar Rigar Abdulai

Abdulai na cikin zuba wa maigidansa shayin safe a ofishinsu na unguwar Al Qusais a ƙasar Larabawa sai ya tuna baƙar riga ce a jikinsa. Ya daɗe yana hidimar wannan Bature ɗan Afirka ta Kudu, ya san gabar ƙasarsu da New Zealand, masu baƙar riga, a ƙwallon rugby tun kaka da kakanni take. Jiya aka kara, yau kuma zai roƙi hutu ya dubo mahaifiyarsa a Kumasi, ga shi ya zo da irin rigar abokan gaba.

Maigidan ya dubi rigar, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Makokinsu kake yi? Ai mun lallasa su! Yalla, maza faɗi, me kake so?"

"Hutun Sallah, maigida."

"Khalas, shi ke nan, ka samu."

Abdulai ya ɗauki farantinsa, ya fice yana hamdala.